Kunun xiaomi ko farfesun rago mai danggui: wanda ya fi dacewa da ciki a hunturun Sin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin abinci biyun da abokan karatunka na birnin Xi'an suka ambata maka saboda ciwon cikin da sanyi ke tayar maka, wato kunun xiaomi (wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi) da farfesun naman rago mai saiwar danggui (saiwar maganin gargajiyar Sin), ka ɗauki kunun, ka mayar da shi karin kumallonka har hunturu ya wuce. Farfesun kuwa ka bar shi sai jefi-jefi.

Dukansu biyu a kan fahimta ɗaya aka gina su. Likitancin gargajiyar Sin yana ɗaukar tumbi da saifa a matsayin abokan aiki wajen sarrafa abinci, kuma masanansa kan kwatanta tumbi da tukunya a kan murhu: idan aka yawaita zuba mata ruwan sanyi da ɗanyen abinci, wutar za ta yi rauni, abinci ya ƙi dahuwa, daga nan kumburin ciki da gudawa da kasala su biyo baya. Likitan nan Li Dongyuan, wanda ya kammala littafinsa a kan saifa da tumbi a shekarar 1249, ya tafi a kan cewa raunin waɗannan biyun ne mafarin cututtuka da dama. Shi ya sa kake ganin ɗalibai da direbobi suna yawo da gorar ruwan zafi, har da bazara. Bambancin abincin biyu yana ga ƙarfinsu: kunu yana lallaɓa ciki a hankali, farfesu kuma magani ne da aka dafa shi da nama.

Xiaomi ƙananan ƙwayoyi ne rawaya, ba irin geronmu ba ne, kuma wanda ake nomawa a Mizhi, a arewacin lardin Shaanxi da kake ciki, yana cikin waɗanda suka yi suna, tare da na Qinzhou a lardin Shanxi. A arewacin Sin kununsa ne abincin maijego da marar lafiya da tsofaffi. Ni wata tsohuwa 'yar ƙabilar Hui, wato wata al'ummar Musulman Sin, ce ta koya mini shi, lokacin da nake haya kusa da unguwar Musulmi da ke kewaye da babban masallacin Xi'an. Ta lura ina bin taliya mai maiƙo da ruwan sanyi, kuma kullum ina dafe da ciki, sai ta aiko jikanta da kwanon kunu bayan asuba, daga baya ta sa na sayi ƙaramar tukunyar ƙasa wadda har yau tana ɗakin girkina. Sai ruwa ya tafasa take zuba ƙwayar, ruwan kamar ninki goma na hatsin, ta rage wuta, ta bar shi ya haura rabin sa'a ba tare da ta ƙara ruwan sanyi a tsakiya ba. Tana jefa yanka biyu ko uku na ɗanyar citta, da jajayen hongzao da aka cire wa ƙwallo (dangin magaryarmu ne, amma sun fi ta girma da zaƙi), wani lokaci da gutsattsarin doyar shanyao. Idan aka sauke, wata yana mai santsi takan taru a sama, kuma ba ta yarda a kwashe ta a zubar, domin a wurinsu ita ce mafi amfani ga ciki. Da na lazimci wannan kunu da safe, na kuma daina shan ruwan firiji, murɗar da ke tashina da dare ta lafa.

Kada ka bar cittar, domin tsofaffin littattafan likitancin Sin ba su lissafa xiaomi cikin abinci masu zafi ba, citta da hongzao ne ke kawo ɗumin. Mai ciwon suga ya yi hattara, saboda hatsin da ya dahu ya narke yana saurin ɗaga suga, kuma mai yawan ƙwannafi yakan fi jin daɗinsa idan ya yi kauri kuma bai cika ciki da shi ba.

Farfesun ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Yana cikin littafin Jingui Yaolue na Zhang Zhongjing, likitan ƙarshen daular Han, da awon liang 3 na danggui, liang 5 na citta da jin 1 na naman rago (liang da jin ma'aunan nauyi ne na Sin), kuma an rubuta shi ne domin murɗar ciki ta sanyi da ciwon mara bayan haihuwa. Amma ƙunshin kayan haɗinsa da na saya da tsada bai ba ni komai ba sai bushewar maƙogwaro da ƙurajen baki, abin da su kansu suke kira tashin wuta a jiki. Ɗakunan Xi'an ana ɗumama su daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar ciki ta bushe ƙayau, don haka saurayi mai jini a jika ba ya bukatar irin wannan zafi kowace rana. Ga shi danggui ba ya jituwa da maganin tsinka jini irin su warfarin, kuma ana hana mai juna biyu shan sa ba da izinin likita ba. Idan kana sha'awarsa, ka sha kwano ɗaya a ranar Dongzhi, ranar da dare ya fi tsawo a shekara, wajen 21 ko 22 ga Disamba, lokacin da mutane da yawa ke cin naman rago.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa maka. Masu sayar da saiwoyi a bakin hanya da wasu na intanet sukan gauraya danggui da saiwar duhuo mai kama da ita wadda ta fi araha, wasu kuma suna turara ta da farar wuta domin ta yi haske ta daɗe ba ta lalace ba. Ta ƙwarai, wadda aka fi sani daga gundumar Min ta lardin Gansu, tana da ƙamshi mai ƙarfi da ɗan zaƙi a farkon tauna; wadda ta yi fari fat tana warin tsami, ka bar musu kayansu, ka je kantin magani mai lasisi. Naman ma haka ne. A watan Mayun 2013 hukumomin tsaron Sin sun sanar da kama wasu gungun mutane da ke sayar da naman ɓera da na yanyawa da sunan naman rago, kuma siraran yankan nama masu arha da ake daskararwa an sha samun naman agwagwa a cikinsu. Ka sayi nama da ƙashinsa a hannun mahautan Hui, ka kuma sani cewa gidajen abincin da ba na Musulmi ba sukan zuba giyar girki a cikin romon rago domin kashe ƙarni, ko da ba a rubuta a takardar abinci ba. Xiaomi ma akan rina tsohonsa ya yi rawaya: ka murza kaɗan a jiƙaƙƙiyar farar takarda, idan launi ya fita kada ka saya.

Idan kuma ciwon naka zafi ne kamar ƙuna a bakin ciki, musamman da yunwa, ko kana ramewa, ko bayan gidanka ya koma baƙi, to wannan ya wuce sanyi, kuma citta mai yawa na iya tsananta shi. Ka je asibiti a yi maka gwajin numfashi na ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ke haddasa gyambon ciki, gwajin ba ya ɗaukar lokaci kuma manyan asibitocin birnin suna yin sa. Kafin sakamako ya fito, ka ci gaba da kunun da safe, amma ka rage cittar zuwa yanka ɗaya. Allah Ya ƙara lafiya.