Kwas ɗin kanikanci na wata shida, abin da ƙanena ya samu da wanda bai samu ba

Jama'a barkanmu da war haka. Mutane da yawa sun tambaye ni game da cibiyar koyon sana'a da na kai ƙanena a nan Kaduna, to ga abin da idona ya gani, sunan wurin dai ba zan kama ba.

Gaskiya malaman suna da kirki kuma sun san aikinsu, akwai wani dattijo a cikinsu da zai zauna da yaro tun safe har azahar yana nuna masa yadda ake kwance inji a ɗaure, canza kuloci, gyaran birki, duk yaron nan ya iya hannunsa ya faɗa sosai, kuma ba sa wasa da lokaci ko kaɗan. A nan kam kuɗina bai tafi a banza ba.

Matsalar sai da ya gama ya koma garejin unguwarmu ta fito. An kawo wata Corolla tokumbo tana karkarwa, wutar injin nan ta kama a dashbod, yaro ya buɗe bonet ya dinga lalube, ya cire filogi ya goge ya mayar, shiru. Ogan garejin ya ɗauko wata 'yar na'urar sikana ya soka ƙarƙashin sitiyari, ko minti biyu ba a yi ba ta nuna P0301, wato silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai daidai, aka duba ashe kwayil ne ya mutu. Da dare ya same ni jiki a sanyaye ya ce, Yaya wallahi wata shida ko sau ɗaya ba a sa mana wannan abin a hannu ba, a allo kawai aka zana mana shi. Abin ya taɓa min rai, don ba sabon abu ba ne fa, tun 1996 duk motar da za a sayar a Amurka dole tana da soket ɗin da ake soka sikanar, kuma tokumbo da yawa daga can ake kawo mana su.

Ga kuma batun CNG, wato gas ɗin da mota ke amfani da shi maimakon fetur. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, 'yan tasi da masu keke Napep kullum tambayarsu ina ake mayar da inji ya koma gas, amma a kwas ɗin ko sunansa ba a ambata ba. Na je na samu shugaban wurin, ya ce min Malam manhaja daga sama take zuwa kuma jarabawa a kanta ake yi, in mun kauce yara su faɗi. Na yarda da shi ba ƙarya ya yi ba, amma to wa ke auna ko takardar tana tafiya da kasuwa? Muna da jarabawowin sana'a na Trade Test da NABTEB, ga NSQ, tsarin ba da shaidar ƙwarewa na NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, har masu sana'a na kasuwar Panteka ta nan Kaduna an shigar cikin tsarin kuma na ji daɗin hakan sosai, tunda aikin hannun mutum ake dubawa. Ni dai a nawa ganin awon ba wuya gare shi ba, a bi yaro bayan wata shida a tambayi mai gareji, cikin mota goma da suka shigo nawa ya gyara bai kira oga ba? Har yau babu wanda ya kira daga cibiyar ya ji inda ƙanena ya kwana.

Na ba su tauraro 3 cikin 5. In za ka kai naka, kafin ka biya ka ce a nuna maka sikana a hannun ɗalibai, ka kuma tambayi shekarar motar da suke koyo a kanta. Mu dai mun saya masa 'yar ƙarama mai haɗuwa da waya, ogansa na koya masa karanta lambobin bayan la'asar in aiki ya lafa.