Gargaɗi ga masu Hilux da a-kori-kura a Kaduna: kada ku tura wa mai tallan kayan mota na waya kuɗi

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, musamman masu Hilux da masu a-kori-kura, da duk wanda motarsa ke shiga gona ko ɗaukar kaya. Akwai wani mutum, ko in ce gungun mutane, da ke tallan kayan ƙara wa mota a Facebook da TikTok, ciniki kuma ya ƙare a WhatsApp. Ƙarfen gaba, rumfar baya, kariyar rufi, doguwar fitilar sama, winci na janyo mota daga laka, tayoyin daji, sifirin ɗaga mota, duk abin da ka tambaya zai ce yana da shi. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisi. Ban kawo sunan shafin ba domin sunan da yake amfani da shi a damina ba shi ne na yanzu ba, kuma wasu sunayen ma na shagunan bayin Allah ne yake ara, waɗanda ba su ji ba su gani ba. Salon aikinsa ne bai taɓa sauyawa ba, shi zan bayyana muku.

Ni sana'ata ke nan, ɗaura irin waɗannan kaya a gareji. Shi ya sa waɗanda ya cuta suke ƙarewa a wurinmu, wani da kayan banza a bayan mota, wani hannu rabbana da hoton alat a waya.

Ba na ganin laifin mai son waɗannan kaya, domin yawancinsu ba ado ba ne. Manomin da ke kwaso masara daga Soba ko Lere, da mai sayen citta a Kachia, da ɗan kwangilar da ke kai siminti ƙauye a tsakiyar Agusta, kowannensu ya san abin da laka take yi wa mota. Rumfar baya tana tsare taki daga ruwa. Taya mai manyan haƙora tana fitar da kai inda ta titi za ta tsaya tana juyawa a banza. Samarin da ke fita shan iska wajen duwatsun Kajuru ko dam ɗin Kangimi su ma suna da haƙƙin gyara motarsu yadda suke so. Kuma abin ba baƙo ba ne a garin nan. Tun da kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, masu a-kori-kura ƙirar 404 da 504 suke kai su Panteka a yi musu ƙarafan baya a lulluɓa tampol. Wannan buƙata ta gaskiya ita mutumin nan ya hango, kuma ya san lokacin da ya kamata ya fito: gab da faɗuwar damina da kuma kaka, sanda kuɗin amfanin gona ke hannun mutane.

Hotunansa masu kyau ne ƙwarai, domin ba nasa ba ne. Daga shafukan shagunan ƙasashen waje yake kwasowa, ya ɗora muryarsa da Hausa a kan bidiyon. In ka lura da kyau za ka ga lambar motar an goge ta, ko sitiyari yana hannun dama. Farashi kuwa bai kai rabin na kasuwa ba. Da ka yi magana zai kira ka da kansa, da ladabi da fara'a: "Alhajina, ranka ya daɗe, kwantena ce ta sauka a Legas, kuɗin fito kawai muke haɗawa, shi ya sa na karya farashi. Guda biyu suka rage, kuma akwai wanda ya ce in ajiye masa." Daga nan sai maganar kafin alƙalami.

Zai ce maka shagonsa yana wajen Ori-Apata, wani kuma ya gaya masa kan titin Ahmadu Bello ne. Ranar da ka ce ga ka nan tafe, ranar ce ya tafi Legas sauke kaya, yaron shago kuma ya rufe ya tafi jana'iza. Idan ya turo lambar asusu, sunan da zai fito daban ne da nasa, daban da na shafin. Amsar a shirye take: na ƙanensa ne, na kamfani ya samu matsala. Kana turawa zai aiko maka hoton wayabil da lambar direba. Washegari direban ya kira, shi ma nasu ne, ya ce an tsare su a Lokoja sai an biya wani abu kafin a saki motar. Mutum ya riga ya zuba kuɗi masu yawa, sai ya ga ƙaramin da ake nema bai kai ya bari babban ya salwanta ba, ya sake turawa. Wani dattijo manomi da na daɗe ina yi wa aiki, kuɗin masarar da ya sayar ne ya tafi a haka. Da ya zo gareji ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, duba mini, ko ni ne ban iya kira ba?" An riga an toshe lambarsa.

Waɗanda aka aiko wa kaya su ne suka fi tayar mini da hankali, domin su suna ganin sun tsira. An kawo mini ƙarfen gaba mai tambarin ARB, sanannen kamfanin nan na Ostareliya. Na gaske sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Wannan yaron garejinmu da hannu ɗaya ya sauko da shi. Na kankare fenti a wajen mahaɗa, sai ga walda ɗigo-ɗigo an cike tsakaninta da fila an shafe. Tambarin sitika ce, farce ya ɓare ta. Ramukan noti ba su dace da shasi ba ko guda, domin kowace ƙira da nata ƙarfen: na Hilux ƙirar Vigo, wadda aka fara yi a 2004, ba ya hawa Revo da ta fito a 2015. Shi kuwa ce wa mutane yake yi ƙarfensa yana shiga kowace Hilux. Wanda ya matsa aka huda shasi aka ɗaura ya jawo wa kansa abu biyu. Ƙarfen da ba a auna shi da motar ba yana iya rikita lokacin da jakar iska za ta buɗe in an yi karo, kuma idan ya tare iskar da ke shiga lagireto, inji zai riƙa zafi a kan doguwar hanya.

Wincin ya fi muni. An rubuta fam 12,000 a jikinsa, ba fam na kuɗi ba, ma'aunin nauyin da zai iya ja ke nan. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce ƙarfin winci ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi, kuma Hilux da lodi tana kusan tan uku, shi ya sa ake ɗaura mata mai fam 9,500 zuwa 12,000. Da muka kwance wannan, injin da ke ciki ɗan mitsitsi ne a cikin ƙaton gida. Rewayanmu ya sa wuƙa ya kankari wayar batir, jan da ke sama ya tafi, fari ya bayyana: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Winci yana zuƙar wuta mai yawan gaske in yana ja, irin wannan waya zafi za ta ɗauka ta narke a gefen batir. Igiyar ƙarfen kuma siririya ce. Ku tuna yadda muke yi in mota ta maƙale a ƙauye, yara da manya a zagaye ana kallo ana ba da shawara. Igiya ta tsinke tana ɗaure da nauyin mota, duk wanda ta samu sai dai Allah Ya kiyaye. Fitilunsa ma haka suke zuwa, babu fis babu rile, a haɗa kai tsaye.

Tayoyin kuwa tsofaffi ne aka wanke aka shafa musu baƙi, wasu an sake yanka musu haƙora da wuƙa mai zafi. Kowa zai iya gane shekarun taya. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 1518, mako na 15 ne a 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. A tayoyin da na gani daga hannunsa, an goge wurin lambobin nan da giranda har ya yi santsi. Duk tayar da ka ga an taɓa wannan wuri, bar ta ko kyauta aka ba ka.

Akwai wata ƙaryar da yake yi wa manoma wadda nake so a kula da ita ko ba a wurinsa aka ji ba. Yana cewa in an ƙara sifirinsa Hilux za ta ɗauki buhu talatin. Abin da aka ƙera ta ta ɗauka kusan tan ɗaya ne, wajen buhu goma ke nan na masara mai kilo 100, kuma nauyin direba da fasinja da duk ƙarfen da ka ƙara yana cikin lissafin. Sifirin zai hana baya zama, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa shasi kauri ba.

Ba a cinikin biri a sama. In mai kaya ya ce yana Kaduna, je ka da ƙafarka, ko ka aiki makanikenka ya taɓa kayan ya gwada su a jikin motar, a biya bayan an ɗaura. In ya ce yana Legas, a nemi ɗan'uwa ko direban da aka sani ya je shagon. Ka kira shi ta bidiyo ka ce ya juya kayan ya nuna maka lambar da ke jiki yanzu-yanzu. Mutumin nan kullum kyamararsa a lalace take. Sunan kamfani ana duba shi kyauta a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kuma a Facebook akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ciniki ya ƙare a nan. Ni a ganina, wanda aljihunsa bai kai na waje ba gara ya je Panteka ya zaɓi kaurin ƙarfe da idonsa, a yi masa kariya ko ƙarafan baya a gabansa. Ƙarfen gaba ne kaɗai nake cewa a yi taka-tsantsan da shi a motar da ke da jakar iska.

Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun nan ne jarin mutumin. A ranar ka je bankinka ka shigar da koke a rubuce, tare da lambar shaidar turawa da ke jikin rasit, ka nemi su sanar da bankin da kuɗin ya shiga. Ana kwashe kuɗin da wuri, don haka kowace awa tana da muhimmanci. In mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, ana kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, ka kuma rubuta wa EFCC, suna da ofishi a nan Kaduna. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiyar mutane da yaudara. Kada ka goge hirarku, ko saƙon murya, ko hoton wayabil, kuma ka ɗauki hoton shafin kafin ya sauya suna. Waɗanda suka san juna su haɗa kokensu wuri guda, ya fi nauyi a gaban hukuma.

Bayan kwana kaɗan wani zai iya kiranka ya ce shi jami'i ne, an kama mutumin, ka turo kuɗin buɗe fayil a dawo maka da naka. Dattijon da na ambata an yi masa wannan kiran. Su ne dai suka dawo ta wata lamba. Ka ce masa za ka zo ofis da kanka, ka kashe wayar, ka ƙara wannan lambar a cikin takardar kokenka.