Lens ɗin Canon 50mm f/1.8 STM bayan wata shida a hannuna

Jama'a da yawa sun tambaye ni kan lens ɗin nan, wato gilashin da ake maƙalawa a gaban kyamara, tun da na fara yawo da shi, to bari in faɗi abin da na gani kawai. Ni ba ƙwararre ba ne, sha'awa ce ta sa na sayi kyamara ta hannu, Canon 600D, irin wadda ta fito a 2011, kuma na daɗe ina fama da lens ɗin da ke zuwa da ita wato 18-55. Muna da 'yar ƙungiya mu bakwai a nan Kano, duk ranar Asabar bayan la'asar muna haɗuwa kowa ya kawo hoto uku a buɗe a laftof a faɗa masa gaskiya, ba wai "masha Allah ya yi kyau" kawai ba. A wajen nan ne aka tura ni ga 50mm, don kullum maganar ɗaya ce, hotonka ya cika tarkace a baya, ga keke ga bokiti ga wayar lantarki, ba a san wa kake so a kalla ba, shi kuwa 50mm yana iya narkar da bayan hoto.

Lens ɗin ɗan ƙarami ne, gram 160 kacal, ka maƙala shi kamar ba ka sa komai ba. Canon ta fitar da shi a 2015, kuma gindinsa na ƙarfe ne, saɓanin wanda ya gabace shi mai gindin roba. Ba ya zum ko kaɗan, ƙafarka ce zum ɗinka, in kana son kusa ka matsa in kana son faɗi ka ja baya. A kyamara irin tawa kuma sai ya koma kamar 80mm, wato ya ƙara jawo abu kusa, saboda ƙaramar sensa (abin da ke kama hoto a cikin kyamara), shi ya sa a cikin ɗaki yake matsewa, ranar sunan ɗan ƙanwata sai da na fita har bakin ƙofa kafin mutum huɗu su shiga hoto ɗaya. Wanda yake son hoton taron biki gaba ɗaya ko faɗin gari daga saman Dala, wannan ba nasa ba ne gaskiya.

Amma fa wajen hoton mutum, kai! Na je karofin Ƙofar Mata da safe na roƙi wani dattijo izini ya yarda, na buɗe ƙofar hasken lens ɗin har ƙarshe wato 1.8 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), fuskarsa da hannunsa da ya rine da baba suka fito tar a ganina, duk abin da ke bayansa ya narke ya zama launi kawai. Na taho da murnata na kai wa 'yan uwa ranar Asabar. Akwai wani babanmu a cikinmu da ya yi aikin situdiyo tun zamanin fim da wankin hoto a ɗaki mai duhu, ya ce in ƙara girman fuskar, na ƙara, sai ya ɗora yatsa ya ce "Ɗana duba nan, fokas ɗinka a kan hanci ya sauka, idon ya yi laushi." Wallahi ni ban lura ba sam, a ƙaramin allon kyamara komai lafiya yake. Na ce Baba to laifin lens ne? Ya ce a'a, a 1.8 in ka matso kusa wurin da ke fitowa garau siriri ne ƙwarai, ko numfashi ka yi ka ɗan gusa ya wuce, ka rufe zuwa 2.8 ko 4, ka zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya da kanka ka ɗora a idon da ya fi kusa da kai.

Na koma sati na gaba na yi yadda ya ce, bambancin ba kaɗan ba ne, har gashin gira ana ƙirgawa kuma bayan bai fasa narkewa ba. Tun daga nan 2.8 na fi zama.

Da magariba ma yana taimako sosai don yana shan haske fiye da 18-55 nesa ba kusa ba, na ɗauki mai shayi da hasken fitilarsa kaɗai ba filashi. Sai dai ku sani ba shi da abin hana rawar hannu, in gudun ɗauka ya yi ƙasa da 1/100 na daƙiƙa ni dai hotona yakan girgiza, gara in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara. Fokas ɗinsa ba ya ƙara sosai, amma a duhu yakan ɗan yi kai-kawo kafin ya kama. Lokacin hunturu kuma ku nemi filta mai 49mm ku sa masa saboda ƙura.

In za ku sayi na hannu ku haska tocila ta cikinsa ku duba ƙura ko fumfuna, ku gwada fokas a kyamararku nan take kafin ku biya. Ni dai zan ƙara sayensa, yanzu mutum uku a ƙungiyarmu suna da shi, kuma Asabar mai zuwa mun yi alkawarin kowa zai kawo hoton hannun mai sana'a.