Anturiyam ko fis lili, wanne zai jure mana hunturu?

Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda ganyen anturiyam ɗinki, wato fulawar adon ɗaki mai jan fure, ya fara ƙonewa, kina kuma shawarar ko ki ƙara sayen irinsa ko ki koma fis lili, ita ma fulawar ɗaki mai farin fure, ni dai fis lili zan ce ki saya, ba wani kwana-kwana.

Tawa tana kusurwar falo, kusa da taga mai labule, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukanta. Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne ba ta ɓoye ƙishinta. Lokacin da muka je bikin ƙanwata, na dawo na tarar ganyenta duk sun kwanta a bakin tukunya, har yara suna cewa Mama fulawarki ta mutu. Na shayar da ita da la'asar, kafin mu kwanta ta miƙe tsaf. Da damina ta kama kuma sai ga fararen furanninta. Wallahi ranar na ji daɗi.

Ita ma bakin ganyenta yakan bushe ya yi ruwan ƙasa, ba zan ɓoye miki ba. Yawanci ruwa ne sila. Gishirin ruwan burtsatse da sinadarin da ake sa wa na famfo suna taruwa a cikin ƙasar tukunya, taki mai yawa ma haka yake yi. Ki tari ruwan sama a jarka idan da hali. Duk bayan wata biyu ki kwarara mata ruwa sosai har ya riƙa fita ta ramin gindin tukunya, ya wanke gishirin. Kada ki shayar sai kin tsoma yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Inda ya riga ya ƙone ba zai koma kore ba, ki sa almakashi mai tsabta ki datse.

Anturiyam kam kyau yana da shi, jan furensa yana kai wata biyu bai yi yaushi ba. Na taɓa saye, ban ƙara ba. Asalinsa dazuzzukan Kolombiya da Ekwado ne, inda yake maƙalewa a jikin bishiya, yana son laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100. Mu kuwa da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20, ga sanyin asuba da ba ya so.

Kada dai ki jefar da naki tukuna. Idan bakin ganyen ya bushe ƙayau, iska ce, ki janye shi daga gaban fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ki jera shi cikin sauran shuke-shuke. Idan tabon yana da laushi da rawaya a gefe, ruwa ne ya yi yawa. Ki zare shi, ki yanke saiwar da ta yi baƙi, ki sake dasawa cikin ɓawon kwakwa da gutsattsarin gawayi.

Sai ki yi hattara da wasu masu sayar da fulawa a bakin titi. Akwai masu soka reshe marar saiwa a leda, su goge ganyen da mai ya yi ta sheƙi, mako guda a gidanki ya langaɓe. Ki ɗan ja gindin a hankali, idan ya taso ba nauyi ki bar musu kayansu. Ki duba bayan ganye ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga. Shuɗin anturiyam da suke tsawwala wa kuɗi kuma rini ne, sabon furen da zai fito ba shuɗi ba ne.

Ki sayi fis lili ƙarama mai 'ya'ya a gindi, ta fi saurin sabawa da ɗaki. Ki ɗora ta inda hannun yara da kyanwa ba za su kai ba, domin da ita da anturiyam duk ganyensu yana ƙona baki idan aka tauna.