Wata goma sha huɗu ina tilawar sassan ƙwaƙwalwa da Anki

Kawuna ne ya fara yi wa manhajar Anki sharhi, ba ni ba. Wata safiya bayan asuba ina zaune a zauren gidanmu a Mabera, ina latsa waya ina motsa baki, sai ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka yi da waya tun da sahe?" Na nuna masa: kalma ta fito, in faɗi ma'anarta da ka, in latsa in ga ko na dace. Wadda na sani sai ta yi nisa, wadda na manta sai ta dawo bayan minti ɗaya. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ai wanga tilawa ta." Mutumin da ya yi shekaru yana karantar da allo ne, kuma bai yi kuskure ba.

Ni ɗalibin likitanci ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abin da ya kai ni ga Anki shi ne darasin sassan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sai kuma littattafan ilimin halayyar ɗan Adam da na fara karantawa don sha'awa. A shafi ɗaya sai ka ci karo da baƙin kalmomi goma, rabi Latin rabi Girkanci, ka duba su yau, jibi ka sake duba su kamar ba ku taɓa haɗuwa ba.

Anki katunan tambaya da amsa ne a waya ko kwamfuta. Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006, sunan kuma daga Japananci yake, ma'anarsa hadda. Tushen aikinta ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, sannan ta lafa, kuma kowace maimaitawa tana rage mata sauri. Lissafin da Anki ta fara da shi kuwa daga manhajar SuperMemo ta Piotr Woźniak ɗan ƙasar Foland aka samo shi. A aikace, katin da ka amsa daidai zai dawo gobe, sai bayan kamar kwana uku, sai mako, tazarar tana ninkuwa kusan sau biyu da rabi, har ka ga an ce sai bayan wata huɗu. Bambancinta da tilawar kawu ɗaya ne: shi daga Baƙara yake farawa ya bi a jere, ita kuwa ayar da ke shirin kuɓuce maka kaɗai take ɗauko maka.

A Android sunanta AnkiDroid, kyauta ce, ta kwamfuta ma haka. Masu iPhone ne ke biyan kusan dala 25 sau ɗaya. A kula wajen saukewa, akwai wasu manhajoji masu kama da sunan waɗanda ba nasu ba ne. Tana aiki ba intanet, kuma ba ta shan caji sosai, abin da duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato wuta ta ɗauke zai gane darajarsa. Fuskarta dai ba kyau, kuma saitinta na da ruɗarwa a makon farko.

Kuskurena na farko shi ne kwaɗayi. Na sauke wani ƙaton kundin katuna da ɗaliban Amurka suka haɗa, ya cinye mini data, na buɗe na tarar da dabarun tunawa cike da sunayen mawaƙa da 'yan wasan da ban san su ba. Sai ya zama ina haddace kalmar, ina kuma haddace abin da aka ce zai tuna mini da ita. Aiki biyu. Na goge shi na koma rubuta nawa, kati biyar zuwa goma bayan kowace lacca, kuma daga nan ne manhajar ta fara biyan kuɗin sabulu.

Domin yawancin kalmomin nan masu ban tsoro, idan ka fasa su, sunayen abubuwan gida ne. Talamus ƙuryar ɗaki ce. Kotes ɓawon itace ne. Fons gada ce, serebelum ƙaramar ƙwaƙwalwa. Hifokamfus dokin teku ne, saboda lanƙwasarsa, shi ne sashen da aka cire wa wani majiyyaci, Henry Molaison, yawancinsa ta gefe biyu a 1953 don maganin farfaɗiya, daga nan ya daina riƙe sabon abin da ya faru da shi. Jijiya ta goma cikin jijiyoyin kai goma sha biyu, bagus, ma'anarta mai yawo, don tana sauka daga kai har ƙirji da ciki. A katina na rubuta mata ɗan ci-rani, ban sake mantawa ba. Wanda ya fi burge ni shi ne mayafan ƙwaƙwalwa guda uku. Na tsakiya araknoid, wato yanar gizo-gizo. Na waje dura meta, uwa mai tauri, na ciki fiya meta, uwa mai taushi. Wannan "uwa" daga littattafan likitancin Larabci Turawa suka fassaro ta. Da na gaya wa kawu sai ya ce dama ya sani ilimi aro ne ake ta yi.

Haifa da haifo (hyper da hypo), da ake liƙawa a farkon kalma, su ne suka fi ba ni dariya. Ɗaya sama ko fiye da kima, ɗaya ƙasa ko kasawa, kuma a kunnen Bahaushe duk haihuwa ce. Na rubuta: haifa, hawa, haifo, sauko. Shi ke nan, haifotalamus yana ƙarƙashin talamus.

Akwai wani abu da Anki ke yi wanda na ƙi da farko, yanzu nake gode masa. Katin da ka faɗi sau takwas tana yi masa laƙabi da matsattsaku, tana kuma iya ajiye shi gefe. Nawa na farko shi ne bambancin raunin yankin Broca da na Wernicke, sassa biyu na ƙwaƙwalwa da suka shafi magana. Ba ƙwaƙwalwata ce da laifi ba, katin ne: na cusa masa sakin layi guda. Na raba shi uku. Broca, likitan Faransa da a 1861 ya yi bayanin majiyyacin da kusan ba ya iya furta komai sai "tan": B, baki ya ƙi, amma mutum na ganewa. Wernicke, likitan Jamus, 1874: W, surutun wofi, magana na zuba ba ma'ana.

Yanzu ga inda za ta bar ka a hanya. Na haddace ma'anar abin da masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya kira ƙarfafa hali ta hanyar cire damuwa, kalma ba ta faɗi ƙasa ba. Wani abokina ya tambaye ni: wanda ya sha maganin ciwon kai ya ji sauƙi, gobe ya sake sha, wane iri ne? Na ce horo, wato hukunci. Ba horo ba ne, horo rage hali yake yi, wannan kuwa ƙara shi ya yi. Katin ya ba ni lafazi, bai ba ni fahimta ba, kamar gardin da ke zuba karatu ba tafsiri. Tun daga ranar ba na sa kati sai na karanta babin, kuma bayan katin sai na rubuta misali daga unguwarmu. Haka nan rubutu: kalmar da ka sani da kunne a jarrabawa da haruffan Turanci za ka rubuta ta, don haka masu wuyar na mayar da su irin katin da sai ka buga amsar da hannu.

Sai bashi. Manhajar na zuwa da sababbin kati 20 a rana, kuma kowane sabo yana da 'ya'ya a gaba. Da babbar Sallah na tafi Wurno na yi kwana tara ban buɗe ta ba, nama ya ɗauke mini hankali. Na dawo kullum tana nuna mini 200, iyakar abin da take fitarwa a rana ke nan, na yi kusan mako ina biya. Laifina ne. Na rage sababbin zuwa goma.

Idan littafi ɗaya za ka karanta ka ajiye, ba ka bukatarta, ƙamus ya ishe ka. Idan kuwa shekaru za ka yi da waɗannan kalmomi, a aji ko a asibiti, ka sauke ta, ka rubuta katunanka da Hausarka. Ni yanzu minti ashirin da biyar take ci mini bayan asuba, ragowar in ƙarasa a kan hanyar Gawon Nama in na samu kujerar baya a keke. Jiya kawu ya leƙo ya tambaye ni ko uwa mai taurin nan tana nan. Na duba, sai bayan wata bakwai za ta dawo.