Ɗakin shayi irin na Japan: a ƙasa, a kan gungume, ko a bisa itace mai rai?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Takasugi-an, da wuya bai ji yana son irinsa a lambunsa ba. Ɗan ɗakin shan shayi ne da masanin gine-gine Terunobu Fujimori ya gina a 2004 a garin Chino na lardin Nagano, a tsaye kan gungume biyu, kimanin mita 6 daga ƙasa. Sunan ma yana nufin ɗakin da ya cika tsayi. Amma kafin ka kira kafinta, ka sani hanya uku ce a gabanka.

Ɗakin ƙasa shi ne asali. Tai-an da ke Oyamazaki kusa da Kyoto, wanda ake danganta wa gwanin haɗa shayi Sen no Rikyu a wajen 1582, faɗinsa tabarmar tatami biyu ne kacal, ga bangon laka, ga wata 'yar ƙofa da ake kira nijiriguchi, santimita 70 da 'yan kai, sai ka durƙusa ka rarrafa. Wanda aka fi ginawa kuwa mai tabarma huɗu da rabi ne. Ni wannan nake ba kowa shawara. A nan ne za ka nutsa murhun gawayi a cikin daɓe hankali kwance, irin wanda ake dafa ruwa a kai a Japan daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma dattijo zai shiga ba tare da an riƙe masa tsani ba. Kuɗinka zai tafi ga katako mai kyau da magini mai hannu.

Mutane da yawa sun ɗauka Takasugi-an a kan itace mai rai yake. A'a. Sare gungumen aka yi daga kan tsauni, aka kawo aka kafa. Amfanin haka, gungume ba ya girma, ba ya ture maka daɓe. Illarsa ruɓewa daga gindi, a wajenmu kuma ga gara, wadda ba ta da wasa. Ɗakin yana ɗan lilo idan an motsa a ciki, kuma ruwa da gawayi da kofuna duk ta tsani za a hau da su. Ka yi tunanin wannan sosai.

Itace mai rai ya fi kowanne ban sha'awa, ya kuma fi cin kuɗi a hankali. Jikinsa na ƙara kauri kowace shekara, reshensa na motsi da iska, don haka sai an sa manyan kusoshi na musamman da ke barin katakon ya ɗan zame, sannan masanin itatuwa ya riƙa dubawa. Garwashi a tsakiyar ganye kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan.

In zuciyarka ta nace sai sama, ɗauki gungume, ka ɗora gindinsa a kan dutse ko kankare, ka rage tsayin zuwa mita 2.