Barolo ta 2010, Bayan Doguwar Ajiya

Barolo jar giyar inabi ce daga yankin Piemonte na arewacin Italiya, wadda ake yi da inabin Nebbiolo kaɗai, kuma doka ta wajabta a ajiye ta aƙalla wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako. Kwalbar 2010 da na ɗanɗana ta nuna sarai: baurin da ke kama harshe a sabuwarta ya lafa, launinta ya karkata zuwa jan bulo, ƙamshin busasshen furen wardi kuma ya fito fili. Tana da tsada ƙwarai, amma a ganina ta ci kuɗinta. A buɗe ta awa guda kafin a sha, da gasasshen naman sa.